Ranar da Surukina Ya Cire Mini Takalmi

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ta ƙarshen damina ba, ko da na so in manta, domin dangin matata sun ɗaukar wa kansu aikin tuna mini har in koma ga Allah.

A lokacin ina aiki a wani biro, wato ofis, a tsakiyar N'Djamena, ina zaune gidanmu a unguwar Abena, kuma na kamu da cutar nan da ke kama ƙananan ma'aikata in albashi ya fara zauna musu, wato son a ce sun waye. Wani Bature da muke aiki tare zai koma ƙasarsu, sai ya bar mini kekensa na tsere. Siriri, ba nauyi, da yatsa biyu sai ka ɗaga shi, ƙahonsa a lanƙwashe kamar na rago. Ya haɗa mini da hular kwano, da baƙin tabarau, da wani matsattsen wando iya gwiwa, da takalma. Takalman nan su ne maganar. A ƙarƙashin kowanne akwai ɗan ƙarfe da ke shiga cikin feda ya kulle, ƙas, kai da keke ku zama abu guda. In za ka sauka, sai ka murɗa dunduniya waje tukuna. Baturen ya maimaita mini wannan har sau uku. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, tun ina ɗan shekara bakwai nake hawan keke (ban gaya masa keken kawuna ba ne, wanda ake zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda).

Ranar da na fara saka wandon, Innata ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaya ko tela ne ya cuce ni ko yadi ne ya ƙare. Na ce mata haka masu wasan suke sakawa a duniya. Ta ce to, in roƙi duniyar ta riƙa fita da ni kafin maƙwabta su dawo daga masallaci.

Na shiga wata ƙungiya ta mahaya, mu goma sha ɗaya, kowace Lahadi da sassafe mu nufi hanyar ƙauyen Gaoui. Shugabanmu wani Mahamat ne, muna ce masa Kapiten. Kullum hirarsa duwatsun Turai da yake gani a waya, da yadda gwanaye ke hawansu, alhali ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai, in ka cire 'yan tudu da gangaren da ko akuya ba ta kula da su. Duk cikinmu ba wanda ba shi da tumbi. Rabin tafiyar ɗaukar hoto ne, rabin kuma jiran wanda numfashinsa ya ɗauke.

Amma hanyar kam a ba ta haƙƙinta. Da ka wuce gidajen ƙarshe, hayaniyar 'yan kilando masu haya da babur da ƙahon motoci ta tsaya bayanka. Sai gonakin dawa hagu da dama, kududdufai cike da ruwa, belbelu a bayan shanu, ba ka jin komai sai kukan tayarka. Wanda za ka gamu da shi bai wuce manomi a kan tsohon baƙin keke ya ɗauro buhun gawayi ba. Irinsu muke wucewa fuu, ko sallama babu. Ni har waiwaye nake yi, in tabbatar mutumin ya ga da wa ya haɗu.

To, a wannan lokacin ina neman auren Hadiza. Mahaifinta, Alhaji Isuhu, ɗan kasuwa ne mutumin Damagaram, yana da gida a unguwar Atrone, rabin shekara yana nan rabi yana Nijar. Sau biyu kaɗai ya taɓa ganina, duka biyun ina cikin babbar riga, takalmana can bakin zaure, ina durƙushe ina kallon tabarma. Manya sun je, an kai gaisuwa, amma ya ƙi sa rana. Abin da ya ce kawai shi ne yana so ya ga natsuwar yaron. Wata huɗu ke nan ina yawo da natsuwa kamar mai ɗauke da ƙwai, ga kuma wani ɗan ƙanensa a Damagaram da shi ma yake son ta, ake ta ambata mini sunansa.

Abin da ban sani ba, Alhaji ba ya shan ruwan firji. Sai na randa, randar ma ta Gaoui. A wannan Lahadin ya ɗauko ƙanwarsa, Gwaggo Rabi, suka zo zaɓen randuna da tuluna.

Mun shigo bakin garin da gudu, ni ne a gaba (karo na farko a rayuwata, shi ma don Kapiten ya tsaya gyara hula). Can gindin wata bishiya na hango dattawa a kan tabarma, gefensu an jera tukwane da tuluna sababbi, jajaye, layi-layi. A tsakiyar dattawan, ga farar hula da gemun da na fi sani a duniya.

Kowa ya san ƙa'ida. Ba ka wuce surukinka a kan abin hawa. Tun daga nesa za ka sauka, ka jingine, ka cire takalmi, ka durƙusa. Amma kuma kowa ya san ba ka zuwa gaban surukinka da wandon da uwarka ma ta ƙi kallo. Zuciya ɗaya ta ce mini: ga hular kwano, ga tabarau, sunkuyar da kai ka wuce, wa ya san ka? Ɗayar ta ce: in fa ya gane ka? Ina cikin wannan shawara har na zo daidai tabarmar, sai na ji hannuna ya matse birki da kansa.

Keke ya tsaya cak. Na ɗaga ƙafar dama in sa ƙasa, ta ƙi. Na ja ta hagu, ta ƙi. Maganar Bature, wadda ya faɗa sau uku, ta gudu daga kaina kamar ba a taɓa yin ta ba. Na tsaya a sama kamar na daƙiƙa biyu, ina kallon Alhaji yana kallona, sannan a hankali, cikin natsuwar nan da aka ce ana nema, na kwanta ta gefen dama a kan tuluna.

Ban san tulu yana da ƙara haka ba. Matar da ta gina su ta fito da gudu tana cewa, "Da shunu?", wato mene ne wannan, sauran abin da ta faɗa da Larabci ba zai rubutu ba. Ni kuwa ina kwance cikin fasassun tuluna, keke a tsakanin ƙafafuna, tayar gaba tana ta juyawa. Kuma da yake tarbiyya ba ta barin mutum, sai na ji bakina ya ce, "Baba, ina kwana."

Alhaji bai yi dariya ba. Da ya yi, da na samu sauƙi. Ya ce, "Lahiya lau. Ina gajiya?" Na ce babu gajiya. Ya tambayi mutan gida, ya tambayi Innata, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwan bana a Abena, bai tsallake ko ɗaya ba, ni kuma ina amsawa daga kwance. A nan ne Gwaggo Rabi ta lura wandon ya yage daga inda bai kamata ba. Ta kau da kai, ta ciro mayafinta ta wurgo mini.

'Yan ƙungiyarmu fa? Kapiten ya iso, ya ga dattawa, ya ga tuluna, ya tuna yana da uzuri a gaba. Sauran suka bi shi. Mutanen da muke kiran juna 'yan'uwa a waya, ko wanda ya rage gudu babu.

Na yi ta shure-shure, ƙafa ta ƙi fita. Sai Alhaji ya miƙe, ya tattare rigarsa, ya tsuguna a gabana. Ya duba fedar, ya duba takalmin, ya kwance maɗaurin, ya zare mini ƙafa ɗaya, ya zare ɗayar. Mutumin da ya kamata in cire takalmi tun daga nesa saboda shi, shi ne ya cire mini da hannunsa, a gaban dattawan Gaoui. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Ya ɗaga keken da hannu ɗaya, takalman na reto a jikin feda, ya ce, "Na yi shekara da shekaru ina kai kaya ƙauyukan Damagaram a kan keke. Ban taɓa ganin wanda ya ɗaure kansa da abin hawansa ba. Ko jaki ba a yi masa haka."

A bayan motarsa na koma gari, tsakanin randuna, ɗaure da mayafin Gwaggo mai furanni.

Kwana tara Hadiza ba ta ɗaga wayata ba. Na daina cin abinci, na fara jin sunan ɗan Damagaram har a mafarki. Rana ta goma kawuna ya dawo daga Atrone yana ƙunshe dariya, ya ce an sa rana. Na tambaye shi yaya aka yi. Ya ce Alhaji ya ce ya gane ni tun daga nesa, da tumbin, kuma ya zuba ido ne ya ga ko zan wuce. Kalmominsa, in ji kawu: "Yaron ba shi da wayo, amma yana da kunya. Da ya wuce, da ya wuce ke nan."

Yanzu shekararmu shida da Hadiza. Keken yana rataye a ɗakin ajiya, takalman har yau suna maƙale a jikinsa. Cikin kayan gara Gwaggo Rabi ta sako mini gindin fasasshen tulu guda, a ciki kajinmu ke shan ruwa. A Atrone kuwa ba mai kiran sunana na yanka, daga tsofaffi har jikoki, sai Fasa-tulu.

Abin da na koya bai da yawa. Duk abin da za ka hau a duniyar nan, ka fara tambayar yadda ake sauka, in an gaya maka kuma ka saurara. Ba kowa ne ke dacewa da surukin da zai tsuguna ya cire masa takalmi ba.