Ƙafafun Sakatare a Taron Cocotiers

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ƙafafuna suka ba da shaida a kaina. Amma kafin in kai can, wajibi ne in bayyana nauyin da ke wuyana a lokacin. Ni ne sakataren ƙungiyar Hausawan unguwarmu a Libreville. Haƙƙin jama'a a kaina shi ne in rubuta abin da aka faɗa a taro yadda aka faɗe shi, in kuma zama wanda ba a kama shi da abin da yake hana wasu. Na farkon na cika. Na biyun ne labarin nan.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ce, kaya suka yi tashin gwauron zabi, jandarmomi kuma suka tsananta tare baƙi a hanya suna tambayar katin zama. Ni haifaffen garin ne, na gama lise, wato sakandare, ina faransanci har da karin hanci, amma a takarda baƙo nake, katina kuma yana ofis ana sabuntawa. Duk da haka ina kewar zamanin. Kowace Lahadi mukan taru a tsakar gidan shugabanmu Alhaji Garba a unguwar Cocotiers, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, a sha shayi, a ji wa aka kama, wa aka saki.

Ni kaɗai ke zuwa taron da safa da takalmi sau-ciki. (A ganina sakatare ba ya yawo da silifa kamar mai sayar da goro.) Sai in yi alwala, in zura ƙafa jiƙe cikin safar leda, in wuni a haka, a garin da ruwan sama ba ya hutawa. Ba a jima ba cin ruwa ya kama tsakanin yatsuna: fata ta yi fari tana saɓulewa, ga ƙaiƙayin da ke sa mutum ya manta a raka'a ta nawa yake.

Maganin yana farmasi, wato kantin magani, na unguwar Plaine Orety, inda Rakiya, babbar 'yar Alhaji, take aiki. Tare muka yi makaranta. Na gaya wa kaina cewa jandarmomin hanya ne suka hana ni zuwa. Gaskiyar ita ce ban ga yadda mai ɗaura nektai zai buɗe wa Rakiya tsakanin yatsunsa ba. Sai na lallaɓa wurin wani mai tebur a bakin kasuwa, na ce wani abokina ne ke fama. Ya miƙo mini man shafawa, ba kwali, ba takardar bayani, rubutun jikinsa ma ya goge. Ya ce kwana uku ya isa.

Bai yi ƙarya ba, a kwana na uku ƙaiƙayi ya ɗauke. Na buɗe shafi a ƙaramin littafina ina rubuta lokacin shafawa da yadda na ji, safe da yamma. Da na ga aiki na kyau sai na ƙara hannu, ina laftawa har idon sawu, wai rigakafi. Bayan makonni abin ya dawo da ƙarfinsa, ya bazu har gefen tafi, fata ta yi laushi, launinta kuma ya koma irin na kazar da aka fige. Na rubuta: "Alamar warkewa."

A daidai wannan lokaci nake yaƙi da man bilicin. Na ga yadda yake ƙona fuskokin 'yan mata, raina ya ɓaci ƙwarai, na rubuta ƙudiri mai shafi huɗu cewa kada ɗan ƙungiya ya sake sayar da shi. Babbar mai adawa da ni ita ce Hajiya Baraka, shugabar matan kasuwa, wadda ta ce a wannan tsadar ba za a raba mutane da abin da ke ciyar da su ba saboda surutun ɗan boko. Aka sa ranar ƙuri'a. Idan ƙudirin ya faɗi, na san maganata ta gama tasiri a ƙungiyar.

Ranar na yi alwala tun daga gida, na ƙudurta riƙe ta har magariba don kada in cire safa. Amma jawabina ya yi tsawo, maƙogwaro ya bushe, na sha shayi kofi biyar. Kafin la'asar dole ta sa na zaga. Da na fito, maza sun jeru a bakin rariya da butoci, mata suna daga baranda suna jiran nasu layin. Alhaji Garba da kansa ya matsa mini wuri kusa da shi.

Na wanke fuska a hankali. Na wanke hannu kamar mai jiran a busa ƙaho. Daga ƙarshe babu sauran gaɓa sai ƙafa. Na zare safa.

Alhaji ya dubi ƙafar, ya dubi baƙar fuskata, ya sake duban ƙafar. Cikin natsuwa ya ce, "Sakatare, kai daga ƙasa ka faro?"

Wani dattijo ya shaƙe da ruwan kurkurar baki. Hajiya Baraka ta sauko daga baranda, ta sunkuya ta duba kamar mai taya atamfa, ta ce wannan ai ta san aikinsa, man bilicin ne mai ƙarfin, ita ma ba ta sayar da shi sai ga wadda ta matsa. Ta ƙara da cewa in na ci gaba da haƙuri, kafin babbar salla farin zai iso wuya.

Na fara bayani da faransanci (abin da nakan yi ke nan in kunya ta kama ni), Rakiya ta katse ni, ta ce in kawo abin da nake shafawa. Yana aljihuna, tare da littafin. Ta ce irin man nan yana kwantar da ƙaiƙayi ne kawai, ƙwayar cutar kuwa sai ta samu sake, fata kuma ta yi siriri. Sannan a gaban kowa ta karanta mini darasi: in daina shi, za ta kawo mini na kashe cin ruwa na gaskiya, in wanke ƙafa in tsane tsakanin yatsu da tawul nawa ni kaɗai, musamman bayan alwala, in shafa kaɗan, ba laftawa ba, in wanke hannu, in ci gaba har iya kwanakin da takardar maganin ta ce, ko da ƙaiƙayi ya tafi, in koma safar auduga, in bar silifan bayin masallaci da kowa ke zurawa. In ya fashe yana ruwa, ko bai sauka ba, sai likita.

"Yaya," ta ce, "da ka zo wurina, ai ƙafa ce kawai. Kullum ina ganin irinta."

Bayan salla aka zauna ƙuri'a. Na riga na haƙura. Sai Hajiya Baraka ta ɗaga hannu kafin kowa, ta ce shafi huɗun nan ba su gamsar da ita ba, amma abin da ya yi wa ƙafar da ke ɓoye cikin safa haka, ba za ta ƙara miƙa wa 'yar wani ta sa a fuska ba. Ƙudiri ya wuce ba hamayya. Alhaji ya umarta a rubuta hujjar da aka dogara da ita, kuma ni ne mai rubutu. Da hannuna na rubuta: "Hujja: ƙafafun sakatare."

Ƙafa ta warke, launi ya dawo, na koyi cewa ciwon da aka ɓoye wa mai magani ɗaya, taro ne zai duba shi. Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa, yawancinmu mun watse, wasu sun koma Akanda a gefen gari, wasu gida. Littafin taron dai yana hannun shugabannin yanzu, kuma na samu labarin ana buɗe wa sababbin mambobi wannan shafi.

Don haka, cikin girmamawa, ina roƙon kwamitin ƙungiya ya binciki wanda ya fara wannan al'ada, ya kuma duba yiwuwar rufe layin da takarda. Goge shi ba zai yiwu ba. Ni na rubuta, kuma daidai ne.