Ajiyar Sani a Kunnen Shamuwa

A wani daji da ke kwance tsakanin duwatsu da wani rafi mai ƙafewa da rani, an yi wani Gwanki mai suna Ɗanliti, wanda Allah ya jarrabe shi da son taro. Ba mugu ba ne, ba kuma rago ba. Amma da zarar ya ga dabbobi sun tsaya shan inuwa, sai maƙogwaronsa ya fara ƙaiƙayi, har sai ya naɗa wannan shugaba, wancan mataimaki, shi kuma ya yi jawabi. Ba zan yi masa dariya da yawa ba, don mu ma an sha ba mu kujerar gaba, kuma ba mu taɓa cewa a'a ba.

Damuwarsa dai ta gaskiya ce. Da rani, garkensa duka, har da mahaifiyarsa Inna Kuluwa wadda ƙafa ta fara gagara, suna shan ruwan da wata tsohuwar Giwa, Gwaggo Tabawa, take tonowa a ƙarƙashin yashin rafi. Wurin ba ɗaya ba ne. Kowace damina ambaliya kan sauya masa mazauni, kuma Gwaggo kaɗai ta iya gane inda ya koma. Ga shi tsufa ya cim mata.

Saboda haka da ruwan farko ya sauka, Ɗanliti ya tara dabbobi, ya gyara murya ya ce, "'Yan'uwa, kowane gida a dajin nan yana da abin da ya sani, yana kuma zaune a kansa kamar kaza a kan ƙwai. Biri ya san saiwar da ke maganin sarar maciji. Barewa ta san hanyar tsira in gobara ta tashi. Gwaggo ta san ruwa. In mai sani ya mutu, sanin ya bi shi. Ina kira da mu haɗa kai, mu tara saninmu wuri guda, don 'ya'yanmu da jikokinmu."

Aka tafa sosai. Sai Barewa ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, magana ta yi daɗi. Amma in na faɗi hanyata a bainar jama'a, ga Kura can tana saurare da kunne biyu. Randa gobara ta tashi, a bakin hanyar za ta jira ni."

Kura ta ce, "Allah ya isa tsakanina da masu mugun zato. Ni neman ilimi ya kawo ni."

Aka yi ta ja-in-ja har rana ta karkata. A ƙarshe Ɗanliti ne ya kawo mafita, kuma ya yi alfahari da ita. A samo wanda ba shi da dangi a dajin, ba ya cin kowa, ba wanda ke cinsa, kowa ya raɗa masa saninsa a kunne, shi kuma kada ya buɗe wa kowa sai majalisa ta amince baki ɗaya. Ido ya koma kan Hajiya Shamuwa, wadda ta sauka a kan tsamiya kwanan nan. Ta ga ƙasashe, tana da natsuwa, ba ta da ɗan'uwa ko ɗaya a ƙasa. Ba wanda ya tsaya tambayar dalilin da ya sa ba ta da dangi a nan.

Aka yi layi, kowa ya zuba mata nasa. Da aka zo kan Gwaggo Tabawa, ta yi nata bayanin, sannan ta jawo Ɗanliti gefe ta ce, "Ɗana, na faɗa mata abin da baki zai iya faɗa. Sauran a ƙafa yake da hanci. In ruwa ya janye, ka biyo ni rafi, ka taka yashin, ka shinshina, in nuna maka."

Ya ce, "Gwaggo, ki huta abinki. Wannan wahalar ce muka zo kawarwa. Yanzu komai yana ajiye."

Da ruwa ya janye ta sake aiko masa. Ya ce a ba ta haƙuri, yana shirya taron duba nasarorin taron farko. Kafin ya gama shiri, Gwaggo ta ce ga garinku nan.

Kaka ta yi, ciyawa ta fara bushewa, sai Hajiya Shamuwa ta ce lokacin tafiyarta ya yi, kamar yadda iyayenta da kakanninta suke yi kowace shekara. Abin kunya, Ɗanliti ne ya shirya mata walimar ban kwana. Ya yaba amanarta, ya yi mata addu'ar sauka lafiya, ya tsaya yana kallonta har ta ɓace a sama. Sai da ya juyo ya ga rafi ya zama yashi zalla, sannan ya tuna sanin Gwaggo ya tafi tare da Shamuwa.

Sun yi tono. Sun tona nan, sun tona can, har kofato ya tsattsage, ba ko danshi. Dole garke ya kama hanyar babban kogi mai nisa. Inna Kuluwa ta yi iya ƙoƙarinta, amma a tsakiyar hanya ta durƙusa gindin wani gawo ta ce, "Ku je, ɗana. Ni na sha rabona." Ɗanliti ya yi kuka irin wanda ba a yi a gaban jama'a, kuma ya san ba rani ne kaɗai ya kashe ta ba.

Da damina ta dawo, Shamuwa ta dawo tare da mijinta, suka hau gyaran sheƙa. Ɗanliti ya ruga wurinta ya ce, "Hajiya, don girman Allah, me Gwaggo ta gaya miki?"

Ta ce, "Yana nan a kaina, ko kalma ban zubar ba. Amma ka fi kowa sanin doka, kai ka kafa ta. Kawo mini amincewar majalisa."

Aka kira majalisa. Kura ta ce in za a buɗe na Giwa, a buɗe na Barewa ma, don adalci. Barewa ta ce sai dai bayan ranta. Biri ya ce shi ma ya fara manta saiwarsa tun da ya ba da ita ajiya, amma bai yarda a buɗe ba, don kada a raina shi. Haka aka yi ta zama ana tashi, gero ya yi kai, sama ta fara washewa.

A zaman ƙarshe Ɗanliti ya miƙe da niyyar ya ce a soke dokar, kowa ya koma ya koya wa ɗansa da maƙwabcinsa abin da ya sani. Wallahi da niyyar ya miƙe. Amma da ya ambaci mahaifiyarsa aka yi tsit, da ya ɗaga murya aka tafa, kuma tafi yana da wani abu da yake yi wa irinmu. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Darasin da muka koya shi ne, kuskure ne babba a ajiye sanin al'umma a kai ɗaya. Ina ba da shawara a naɗa wa Hajiya mataimaki amintacce, wanda ba ya rabuwa da ita, ta sanar da shi komai."

Wannan karon ba a yi gardama ba. Baki ɗaya aka zaɓi mijinta.