Rasuwar Baƙin Faifai Mai Hoton Ido

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba tare da sunkuyar da kai ba, Maman Tsuntsuwa na sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan aikinta na kantin magani rasuwar baƙin faifan garmahonta mai hoton ido a tsakiya. Ya cika ranar Alhamis da hantsi, a falo, yana kan juyawa, bayan jinyar kwana tara. Ya haura shekara arba'in da biyar a duniya.

Marigayin ba sananne ba ne. Mahaifinta, mai gyaran rediyo, shi ya tsince shi cikin kwalin wani da ya kawo gyara bai dawo ba. Rubutun jikinsa ya goge tun kafin a haife ta. Ta tambayi masu tsofaffin faya-fayai, ta bincika a waya, babu wanda ya san waɗanda suka yi shi. Ba ya waƙa, ba a rawa da shi. Yakan fara da gurnanin na'ura, wuuum, wuuum, sai ɗigon ruwa, tik, tik, sannan wata jita da aka naɗa ta baibai ta shigo tana kuka kamar ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba. A tsakiya yana da tabo inda allura ke tsalle, ƙyas, ta yi ta maimaitawa sai an taɓa ta da yatsa.

Ya sha zagi a rayuwarsa. Maƙwabciya ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ta tambaya ko firjinsu ne ya lalace. Bai rama ba. Aikinsa ɗaya ne, kuma ya riƙe shi da amana. Tsuntsuwa, 'yar gidan, shekararta uku da rabi ba ta fara magana ba, in an kira ta ma ba ta waiwayowa. Amma da an ɗora shi sai ta saki abin hannunta, ta zo ta dafa lasifika, ta ɗago ta kalli uwarta cikin ido. Likita ta ce kunnuwanta lafiya lau, a ci gaba da ba ta abin da ke jawo ta. An gwada ɗaukar sautin a waya, yarinya ta ture, don waya ba ta kaɗawa a tafin hannu.

Ciwon ajali ya same shi a hannun Gwaggo, yayar maigidan, ranar da ta zo zama da yarinya uwar tana wurin aiki. Gwaggo ta daɗe tana cewa wannan gurnanin ne ya ɗaure wa yarinya harshe, a ba ta ita ta riƙe wata shida cikin 'ya'yanta, inda ake magana irin ta mutane. Maigidan ya fara cewa a duba maganar. Ran nan ta cire faifan ta jingine shi a taga, ya sha rana tun hantsi har la'asar, ya lanƙwashe. Maman Tsuntsuwa ba ta ce da gangan aka yi ba. Ba ta kuma ce ba da gangan ba ne.

An yi iya ƙoƙari. An kwantar da shi tsakanin gilashi biyu, an danne da littattafai. Da aka ɗora shi ranar Alhamis, allura ta hau ta gangara, ya ce wuuu, bai ƙarasa ba.

Ya bar garmaho ɗaya, lasifika biyu, allura, da ƙanne bakwai a cikin kwali, waɗanda yarinyar ba ta kula ko ɗaya. Waɗanda suka yi hamdala a ɓoye su sani ya bar magajiya. Washegarin rasuwar da safe ana yi wa Tsuntsuwa wanka, sai ta buɗe baki: wuuum, wuuum, tik, tik. Da ta kai wurin tabon ta ce ƙyas, ƙyas, ƙyas, ta tsaya tana kallon uwarta, tana jira. Uwar ta sa yatsa mai kumfa ta taɓa mata hanci. Yarinya ta ci gaba. Uban yana bakin ƙofa da tawul a hannu, kuma tun daga lokacin bai sake cewa a duba komai ba.

Saboda haka yarinya ba ta zuwa gidan kowa, ba wata shida ba, ba kwana shida ba.

Ba za a kai marigayin shara ba. Za a rataye shi ranar Asabar da ƙarfe goma a bangon falo, nesa da taga. Za a karɓi gaisuwa har azahar. Duk wanda ya zo zai zauna ya saurari magajiya daga farko har ƙarshe, babu hira, babu shawara. An ware wa Gwaggo kujerar gaba, kuma in an kai wurin tabon, ita za ta taɓa hancin.