Rasuwar Sakatar Ƙofar Sito

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu masu nauyin gajiya, Malama, uwar yara uku kuma mai koyar da 'yan aji biyu, take sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan aiki rasuwar aminiyarta, Sakatar Ƙofar Sito. Ta cika ranar Talata da ƙarfe biyar saura kwata na yamma, bayan doguwar jinya. Ta rasu a bakin aikinta, tana da shekara shida.

Marigayiya ta shigo gidan ne bisa kuskure. An ce wa kafinta ya sa wa sito sakata ta waje, don kada yaro ya shiga ya yi ɓarna. Hankalinsa na wajen hira, sai ya kafa ta ta ciki. Maigida ya ce a kira shi ya gyara aikinsa. Malama, wadda a lokacin take fama da rainon Babba, haihuwarta ta fari, ta shiga dubawa, ta ja ƙofar, ta tura sakatar, ta ji ta ce "ƙarrr... tak!" Ta tsaya tsakanin buhun shinkafa da jarkar mai, ta ji wani shiru da ta manta akwai irinsa a duniya. Da ta fito sai ta ce a ƙyale bawan Allah, kowa yana kuskure.

Tun daga ranar, kullum Malama ta dawo daga makaranta, ta ciyar da yara, ta wanke hannuwa shida da bakuna uku, marigayiya takan ba ta minti goma sha biyar. Ba su da yawa, amma nata ne. A cikinsu take shan shayi da zafinsa har ƙasan kofi. A cikinsu take karanta shafi uku na littafin da ba na aji biyu ba. Wani lokaci ba ta yin komai, sai ta zauna kan buhu ta tuna cewa tana da suna kafin a fara kiranta Mama.

Duk wanda ya san marigayiya ya shaide ta da haƙuri da riƙon amana. Ba ta taɓa tambayar ina safarta ɗaya take ba. Ba ta taɓa kawo ƙarar kowa ba. Ta ga ranar da Malama ta cinye alewar da aka ce ta ƙare, kuma ta tafi da sirrin. Ta sha jijjiga, ta sha duka da cokali, ta ga 'yan yatsun Auta suna leƙowa ta ƙarƙashin ƙofa, amma ba ta taɓa cewa komai ba sai "kaca-kaca-kaca", ta ci gaba da riƙewa.

Malama tana son a sani cewa ba ta riƙe kowa a zuciya ba. Ba ta jin haushin maƙwabciyarta, ma'aikaciyar jinya wadda 'ya'yanta suka girma, don kawai takan zauna a baranda ta miƙe ƙafafu ta yanke farce ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya ta duba ko sun yi kyau. Kallo kawai Malama take yi ta taga, da kwano a hannu. Haka kuma ba ta jin haushin Maigida, mutumin kirki, wanda bai taɓa buƙatar sakata ba a rayuwarsa. Yakan kwanta a falo, inda ko ƙofa babu sai labule, yara su wuce shi a kan yatsun ƙafa suna raɗa wa juna cewa Baba na hutawa. Sukan tsallake ƙafarsa, su wuce butar ruwan da ke gefensa, su zo su buga ƙofar sito su ce ƙishirwa suke ji. Malama ta koyar da yara fiye da ɗari uku karatu, amma har yau ba ta gano darasin da ya koya wa waɗannan ukun ba.

Ciwon ajali ya fara ne bara, lokacin da kusa ɗaya cikin huɗu ta fita. Malama ta yi jinya iyakar ƙoƙarinta. Ta cusa tsinken ashana a ramin, ta mayar da kusar, aka samu sauƙi na wata biyu. Kusa ta biyu ta bi ta farko. Muryar marigayiya ta sauya, "tak" ɗin ya koma "tik". An sanar da Maigida sau bakwai, kowane karo ya nuna alhini, ya ce ranar Asabar.

Ranar Talata, Babba da 'Yar Tsakiya da Auta suka yi saɓani kan wanda ya mallaki shuɗin kofi. Mahaifinsu na kwance taku biyar daga wurin. Suka tsallake shi. A karon farko tun haihuwarsu suka haɗa kai kan abu ɗaya, suka jingina da ƙofar sito gaba ɗaya. Marigayiya ta ce "ƙiiii", ta ce "fas", ta faɗi cikin kwanon wake. Minti huɗu kacal Malama ta yi a ciki. Shayin ko hura shi ba ta gama ba.

Ta rasu ta bar buhun shinkafa mai lotsawa a tsakiya, da littafi a shafi na ɗari da goma sha biyu, da ƙofa wadda yanzu iska ma buɗe ta take yi, da yara uku waɗanda kowannensu ya ce ɗayan ne.

Washegari Maigida ya shigo da sabuwar sakata a leda, mai ruwan zinariya, mai kusa shida. Malama ta gani, ta yi masa sannu da zuwa sau biyu, ta haɗa masa shayi da madara mai yawa. Ya sha, ya yi godiya, ya hau kujera, ya kafa ta can sama a jikin kabad ɗinsa, domin yara sun dame shi da taɓa masa rediyo. Ya gwada ta a gabanta har sau uku. Muryarta garau take. Malama ta ce Allah ya sa alheri, ta ɗauke kofin.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu da rabi na yamma. An sa marigayiya a gwangwanin madara tare da kusoshinta biyu da suka rage. Maigida ne zai jagoranci rakiya, Babba na riƙe da gwangwanin, 'Yar Tsakiya a hannun dama, Auta a kafaɗa. Za a bi doguwar hanya, ta bayan filin wasa, kuma ba a sa ran dawowarsu kafin awa guda. Malama ba za ta samu halarta ba, saboda nauyin rashin.

Masu son yin ta'aziyya kada su wahalar da kansu da zuwa, kada kuma su kira waya. Wanda ya ji tausayi ƙwarai ya aiko a ba shi yaro ɗaya na yini.

Ana kuma roƙon Maigida kada ya nemi sukudirebansa, yana hannun masu makoki. In ya dawo ya tarar da ƙofar kabad a buɗe, ya kuma ji wani sabon "ƙarrr... tak!" daga wajen sito, ya yi haƙuri, ya zuba wa yara ruwa. Butar tana gefensa.