Rasuwar Goggo Mai Baki Ashirin da Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta hana shi ɗaga kai kwana uku, Injiniyan sashen kwamfuta yake sanar da ɗaukacin ma'aikata rasuwar Goggo, suwic ɗin nan da ke raba wa kwamfutocin kamfani intanet. Ta cika ranar Talata da ƙarfe uku da kwata na rana, a cikin kabad ɗinta da ke bayan ɗakin ajiye fayil, bayan shekara goma sha huɗu a bakin aiki. Yana roƙon a karanta wannan sanarwa kafin gobe Juma'a, ranar da aka ba Baba mai gyaran wuta ya amsa takardar tuhuma a kan mutuwar da ba shi da hannu a ciki.

Marigayiyar ta riga Injiniya zuwa kamfanin nan. Ya same ta da bakuna ashirin da huɗu, kowanne da wayarsa, kuma bai taɓa jin ta kai gulmar wani ofis zuwa wani ba. Ba ta san hutun ƙarshen shekara ba. Sau biyu mai shara tana zare mata wuta don ta jona butar shayi, sau biyun kuma Goggo ta farfaɗo ba ta riƙe kowa a zuci ba. Duk maganarta a duniya ba ta wuce "huuu" ɗin fankarta ba, sai a 'yan shekarun nan da ta ƙara da "ƙir-ƙir-ƙir" da safe, irin gyaran muryar tsofaffi.

An faɗa wa jama'a cewa tsufa ne ya kashe ta. Ba tsufa ba ne.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne lokacin da kamfani ya faɗaɗa, ya karɓi sauran gine-ginen da ke cikin harabar: sito, ɗakin gwaji, da sabon benen da ke kusa da get. Oga ya ce a haɗa su duka da tsohon gini. Benen da ɗakin gwajin an ja musu faiba ta ƙarƙashin ƙasa, wato wayar gilashin da tsawa ba ta bi. Da aka zo kan sito sai faibar ta ƙare, aka ce sai nan da mako uku, ga shi manyan kamfani za su zo zagaye ranar Litinin.

Duk wanda ya koyi wannan aiki, tun a watan farko ake ja masa kunne cewa ba a ratsa sararin sama da wayar tagulla daga gini zuwa gini. Injiniya ya san haka sarai, har ya sha faɗa wa wasu. Amma ya ɗauko tsani, ya ja wayar tagulla mita tamanin daga rufin tsohon gini, ya ɗaure ta a ƙarfen tankin ruwan sito, ya kawo ɗaya bakin ya cusa wa Goggo a baki na goma sha bakwai. Ya ce na wucin gadi ne. Baiwar Allah ta ƙyafta koren idonta ta karɓa.

Ranar Litinin Oga ya dafa kafaɗar Injiniya a gaban baƙi, ya ce da irinsu ake taƙama. Daɗin wannan dafawar ne ya kai mu inda muke. Faibar ta iso a kan lokaci, ta yi wata biyar a naɗe ƙarƙashin teburin Injiniya, yana ɗora ƙafa a kanta idan zai ci abincin rana. Kullum sai ya ce mako mai zuwa.

Ranar Talatar nan da ta wuce hadari ya haɗo, tsawa ta faɗi kusa da tankin sito, ta biyo wayar nan tiryan-tiryan har cikin kabad. Kalmar marigayiyar ta ƙarshe ita ce "tas!" Daga nan sai ƙaurin roba.

Da Oga ya tambayi abin da ya faru, sai bakin Injiniya ya riga zuciyarsa. Ya ce ai ta tsufa, kuma wataƙila wutar ginin ma ba ta da lafiya. Wannan "wataƙila" ita ce ta zama takarda mai hatimi a hannun Baba mai gyaran wuta, mutumin da saura masa wata tara ya yi ritaya da sunansa fes. Jiya Baba ya zo har tebur ya yi wa Injiniya ta'aziyya, ya ce ya san yadda suka shaƙu, sai haƙuri. Sannan ya sauke murya ya roƙe shi, a matsayinsa na ɗa, ya taimaka ya tsara masa amsar tuhumar, tunda ya fi shi iya magana a takarda. Injiniya ya ce to. Tun da yake bai taɓa jin ya tsani kansa kamar lokacin ba.

Marigayiyar ta bar kwamfutoci goma sha tara, da firinta biyu waɗanda ɗayarsu ba ta taɓa gode mata ba, da kyamarar bakin get, da wata tsaka da ta daɗe tana jin ɗumi a bayanta, yanzu kuma ba a san inda ta nufa ba.

Za a ɗauki gawa gobe da ƙarfe tara na safe, daga kabad zuwa ɗakin tara tsofaffin kaya. Injiniya ne zai ɗauke ta da hannunsa, ba ya neman taimako. A hanya za a tsaya da ita a ofishin Oga, a juya masa bayanta ya ga inda wutar Baba take shiga, lafiya lau ko tabo babu, sannan a juyo gabanta ya ga baki na goma sha bakwai ya ƙone ƙurmus, a kuma faɗa masa wanda ya cusa wayar. Ana roƙon Baba ya ajiye bironsa, kada ya rubuta komai.

Masu ta'aziyya za su sami Injiniya a teburinsa daga ƙarfe goma, idan har lokacin teburin nasa ne. Idan ba haka ba, a duba bakin get.