Godiya ga Mijina

Aikin kammala digirina a kan noman shinkafa a garin Zabarmari da gumina na yi shi, Allah shaida ne. Shafin godiya kawai na raina. Na ce wa ke karanta wannan? Sai na ari na Rifkatu, abokiyar karatuna 'yar unguwar Moduganari, na ce wa mai buga takardu ya kwafe, ya canza suna. Ko dubawa ban yi ba.

Ranar kare aikin na shiga da sabuwar shadda da hula zanna, ina jin ko farfesa sai ya ƙaru da ni. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya buɗe kundin. Bai yi nisa ba ya gyara tabarau.

"Samari, ya 'yan biyu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban yi aure ba tukuna."

"To ga shi ka gode wa mijinka, da ya riƙa yi musu wanka kana karatu."

Kowa ya kwashe da dariya, ban da malamar da ta duba aikina. Ita sunkuyar da kai ta yi. Daga nan kowane shafi sai an tambaye ni ko nawa ne. Na ci, amma makin da ta yi mini fata ya tafi, kuma har yau ba na iya haɗa ido da ita.

Rifkatu ta yafe. Mijinta ne bai bar zancen ba. Duk inda ya hango ni a kasuwa sai ya ɗaga murya: "Uwargida, yaushe za ki dawo? Yara na kuka."