Ranar da Tunku Ya Kwanta wa 'Yan Tsaki

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun gyara zama.

A wani daji mai yawan kuka da tsamiya, an yi wata shekara da samarin dabbobi suka rasa abin yi. Farauta ta mutu, gonaki suna hannun manya. Tun hantsi sai ka gan su a gindin tsamiya suna bin inuwa, ta matsa su matsa, har rana ta faɗi. Abin ya ishi iyaye, suka kai kuka majalisar daji.

Shugaban majalisar Raƙumin Dawa ne, ana ce masa Maigirma Dogo. Kada ku ɗauka mugu ne, a'a. Yana iya hango hadari tun yana bayan duwatsu, amma abin da ke tsakanin ƙafafunsa sai an gaya masa. Ya miƙe ya ce:

"Jama'ar daji, mun duba nesa, mun hango mafita. Za a koya wa samarinmu kiwon kaji. Duk wanda ya kammala, majalisa za ta ba shi 'yan tsakinsa, ya je ya dogara da kansa. Ƙofa a buɗe take, ba mu ware ɗan kowa ba."

Aka yi ta tafi. Kada ku tambaye ni me ya sa kajin dajin nan ba su da kujera a majalisa. Ni ma da na tambayi kakata, cewa ta yi in rufe baki in ji labari.

Washegari waɗanda suka riga kowa zuwa makarantar kiwon su ne Sallau ɗan tunku da abokinsa Jatau ɗan muzuru. Majalisa ba ta zaci har da su ba. Kakan Sallau a bayan akurki aka kama shi da gashin kaza a baki, ubansa ma haka. Shi kuwa Sallau burinsa ɗaya ne, ya zama na farko a gidansu da zai shiga akurki ta ƙofa.

Aka yi ƙus-ƙus, sannan Aku, sanƙiran majalisa, ya fito ya ce: "An karɓe ku, tunda Maigirma ya riga ya yi magana. Amma ran da ɗan tsako ɗaya ya ɓace, kun bar wurin nan, kuma ba za a ƙara buɗe wa tunku ko muzuru ƙofa ba har jikokin jikokinku."

Jatau ya ja abokinsa gefe. "Kai, Sallau, mu koma inuwarmu. Can ba mai sa mana ido."

"Can ba mai sa mana abinci kuma," in ji Sallau.

Malamar da aka naɗa zabuwa ce, Gwaggo Tasallah. Majalisa ta zaɓe ta ne saboda zanenta mai ɗigo-ɗigo, wai zai yi kyau ranar biki. Da farko babu ko ɗan tsako ɗaya a makarantar, sai dai a zana kaza a ƙasa ana nunawa da tsinke. Gwaggo ta tafi majalisa ta zauna a ƙofa, ta ƙi tashi, tana irin kukan nan na zabi da ke shiga har cikin haƙori, sai da aka kawo 'yan tsaki na gaske.

Ta tara samarin a ɗakin da aka shimfiɗa wa buntun shinkafa, ta ajiye kaskon garwashi a tsakiya, ta ce:

"'Ya'yana, kun san mu zabi ba mu iya kwanci ba. Ƙwanmu kaza ake kai wa. Ni kaina kaza ce ta ƙyanƙyashe ni. Shi ya sa na koyi kasko, domin ɗan tsakon da ba shi da uwa, kaskon nan ne uwarsa. Ku duba su da kyau. In sun gudu jikin bango suna haki, wuta ta yi yawa. In sun dunƙule wuri guda suna ihu, sanyi ne, kuma na ƙasa zai mutu kafin na sama ya ji ɗumi. In sun bazu suna 'yar magana ƙasa-ƙasa, ku bar su, kun gama aikinku. Sannan duk mai shigowa ya tsoma ƙafa a ruwan maganin da ke bakin ƙofa, ko da uban wa ne."

Sallau ya riƙe wannan magana. Shi ne mai wanke mazubin ruwa, shi ne mai juya buntu in ya jiƙe, shi ne mai riƙe ɗan tsako a ɗiga masa rigakafi a ido. In ya riƙe, sauran samari sai su tsaya suna kallon bakinsa. Ya sani, bai taɓa ɗaga kai ba.

Ranar bikin kammalawa aka tashi da ruwan sama mai iska, irin wanda ke sa tsoho neman bargo da rana tsaka. Aka kafa rumfa, baƙi suka cika. Aka zaunar da Gwaggo a sahun gaba saboda zanenta. Sallau da Jatau kuwa aka ce su zauna da 'yan tsaki, wai kada baƙi su gan su hankalinsu ya tashi. Ko karin kumallo ba su yi ba, don an ce abinci sai bayan jawabi.

Can sai ga Aku da 'yan aikinsa, ko ruwan magani ba su kalla ba. Itacen dafa shayi ya jiƙe, baƙi na rawar ɗari.

"Ku ɗauko kaskon nan," in ji Aku.

"Ranka ya daɗe, uwarsu ce fa," in ji Sallau.

"Uwar wa? Yaro, umarni ne daga sama. Yanzu za a dawo da shi."

Ba a dawo da shi ba. Maigirma ya fara jawabi, kuma jawabinsa sai ya bi wuyansa kafin ya fito. Iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. 'Yan tsaki suka ruga lungu suka hau kan juna, ihu har ba ka jin ruwan.

Sallau ya raba su, suka sake dunƙulewa. Ya sake rabawa. Sai kawai ya kwanta a inda kaskon yake, ya baje cikinsa, ya naɗo wutsiya.

"Jatau, zo ka kwanta. Jikinka ya fi nawa ɗumi."

"Ka haukace? Ni da yunwa, su a ƙarƙashin hancina? Wallahi yawuna har ya tsinke."

"To cusa wani abu a bakin."

Jatau ya zagi ranar da ya san Sallau, ya ɗauki totuwar masara ya datse da haƙora, ya kwanta. 'Yan tsaki suka zo ɗaya bayan ɗaya, suna kutsawa cikin gashi, wani a hammata, wani a ƙarƙashin haɓa. Jatau ya rufe ido, hawaye na zuba.

Da aka gama jawabi sai aka ce baƙi su zo su ga abin da majalisa ta yi. Maigirma ba ya iya shiga ɗakin, sai ya leƙa ta tagar sama, ya hango tunku da muzuru kwance, ga 'yan ƙafafu suna leƙowa ta ƙarƙashinsu.

"Innalillahi! Sun cinye!"

Baƙi suka yo ca a ƙofa, kowa da kofin shayinsa. Gwaggo Tasallah ta tare su da fukafukai, ta tsoma ƙafarta a ruwan magani, ta shiga ita kaɗai.

"Ku yi shiru ku saurara," ta ce.

"Ba mu ji komai ba," in ji Aku.

"To, haka ɗan tsako yake in ya samu uwa."

Aka tashe su a hankali, aka duba. Ɗaya babu. Aku ya gyara murya zai maimaita hukunci. Sallau ya shiga sake ƙirga 'yan tsakin. Gwaggo ta nufi lungun da suka dunƙule, ta tona buntu, ta fito da shi a sandare.

"Ga shi, Maigirma, sunkuyo ka gani. Ko gashinsa ba a taɓa ba. Sanyi ne ya kashe shi, 'yan'uwansa suka danne shi. In korar mai laifi za a yi, ni ban hana ba. A fara da duk wanda ya sha shayi."

Aka ji ana ajiye kofuna a ƙasa, a hankali, kamar ƙwai. Maigirma ya sunkuyo, ya daɗe yana kallon ɗan tsakon, ya ce lallai abin ƙanƙane ne, shi bai taɓa ganinsu kusa ba. Jatau ya tofar da totuwa ya ce, "To yanzu an gama jawabin ko? A ba mu abinci."

Sallau ya samu 'yan tsakinsa, yau akurkinsa ya kai uku, kuma yaran tunku ke masa aiki, ta ƙofa suke shiga. Jatau ya ce zuciyarsa ba za ta jure kiwo ba, ya koma sayar da gawayi da buntu ga masu kaji, yana samu. Gwaggo Tasallah tana nan tana koyarwa. Aku ya samu lambar yabo saboda kula da baƙi. Majalisa ta zauna ta yanke cewa a sayi kasko na musamman don shayi, kada irin haka ta sake faruwa. Na 'yan tsaki kuwa aka cire shi daga kayan makaranta, tunda an gano tunku na iyawa.